Kunnen Malam Rashidu

Shekara ashirin da bakwai Malam Rashidu Ɗanbaba ya yi yana sauke jiragen sama a filin jirgin Tawa, bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Shiga ma sau uku kacal ya yi a rayuwarsa, kuma duk ukun sai da ya yi amai. Aikinsa zama ne a ɗakin gilashi da ke ƙolin hasumiya, da abin saurare a kunne, da abin magana a gaban baki, yana gaya wa matuƙa inda za su bi, da tsayin da kowa zai tsaya, da wanda zai fara sauka. Mutanen unguwarsu ba su taɓa gane aikin sosai ba. Mai sauke jirgi suke ce masa, wasu tsofaffi ma sun ɗauka da tuta yake tsayawa a bakin titi yana kaɗawa.

Ɗan Barmu ne, can inda dutse ya fi ƙasa yawa a gonaki. Ubansa Ɗanbaba manomin hatsi ne mai 'yan awaki da raƙumi guda. Shekarar da aka zo ɗibar yara lakwal, wato makarantar boko, mai gari ya ce kowane gida ya ba da ɗaya. Ɗanbaba ya dubi 'ya'yansa maza huɗu, ya ba da wanda ya fi saurin gajiya a gona. Haka Rashidu ya shiga boko. Ya gama na Barmu, ya zo kwaleji a Tawa, ya zauna gidan wani kawunsa mai sayar da albasa, daga nan ya wuce Yamai. A can wani malaminsu ya lura cewa in Rashidu ya ji lamba sau ɗaya ba ya manta ta, sai ya ce ya gwada jarrabawar makarantar jiragen sama. Ya gwada ya ci. Da aka turo shi Tawa ya auri Zalika 'yar Afala, mai keken ɗinki, suka haifi 'ya'ya biyar, babbarsu Sharifa.

Filin Tawa ba babba ba ne. Akwai ranar da har rana ta faɗi ba a ga jirgi ba, sai ma'aikata su yini suna shan shayi suna korar awakin da suka ratso wayar shinge. Babu allon nan na manyan birane da ke nuna kowane jirgi kamar ɗigon haske. Abin da matuƙi ya faɗa a rediyo shi ne abin da Rashidu ya sani. Kowane jirgi yana da 'yar siririyar takarda a gabansa, mai sunan jirgin da tsayinsa, sai ya jera su bisa tebur, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa. In gari garau yake, matuƙa suna ganin juna, aikin ba wuya. Ranar da gizagizai suka rufe ne ake sanin ma'aikaci. A irin wannan rana matuƙi ba ya ganin ko bakin fiffikensa, alluran da ke gabansa kawai yake bi. Akwai wata na'ura kafe a gefen fili wadda alluran ke nunawa, ma'aikata turke suke ce mata. Jiragen sai su zo su yi ta kewaya samanta, kowa a nasa tsayin, mai hasumiya yana zare su ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa. Doka ɗaya ce ke riƙe da rayukan mutanen da ke ciki. Duk abin da hasumiya ta faɗa, matuƙi ya maimaita, mai hasumiya kuma ya kasa kunne, in an maimaita ba daidai ba ya gyara nan take.

A wannan dokar Rashidu ya yi suna. Ya taɓa sa wani Bature ya maimaita lamba sau huɗu, har mutumin ya sauko yana huci ya hau hasumiya neman wanda ya raina shi. Rashidu ya zuba masa shayi, ya ce in ya sake zuwa Tawa ma haka za a yi.

Yana da shekara hamsin da bakwai zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi a ƙarshen wata damina. Kwana tara ya yi a kwance ana yi masa ƙarin ruwa. Ya tashi, jiki ya dawo, amma wani kuka kamar na gyare ya zauna masa a kunnen hagu ya ƙi fita. Ya ce wa kansa ƙarfin magani ne, zai wuce. Bai wuce ba. Bayan wata shida na dama ma ya fara dusashewa. Ba wai ba ya ji ba ne. Yana jin murya, yana jin tashinta da saukarta, bakin kalmomin ne ke gogewa, kamar rubutun allo da aka shafa da hannu.

Zalika ce ta fara ganewa. Wata rana ta tsaya a bayansa da kwanon fura, ta yi magana har sau uku bai waiwaya ba. Ta zagayo gabansa ta aje kwanon.

"Baban Sharifa, sau ukku ina kiranka."

"Tunani nike."

"Tunani ne yas sa ka sake sahu a masallaci, ka koma inda liman ke damarka? Rediyon gidan ga kuma, maƙwabta sun daina kunna nasu, namu suke saurare."

Ya yi ta juya ludayi.

"Ka hwaɗa musu wurin aiki," in ji ta.

"In hwaɗa musu mi? Shekara biyu ta rage in yi ritaya. In sunka ji, ranar za su sauko da ni. Ki bar ni in gama da mutuncina."

A kowace shekara ana kai masu irin aikinsa Yamai a duba idonsu da kunnensu. Akan sa mutum a wani ɗan ɗaki, a sa masa abin saurare, in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Da aka zo kansa, Rashidu ya lura cewa gilashin ƙofar yana nuna masa inuwar mai gwajin, kuma duk lokacin da mutumin zai danna maɓalli kafaɗarsa takan ɗan motsa. Kafaɗar ya yi ta kallo yana ɗaga hannu. Aka buga masa hatimi, ya hau mota ya dawo Tawa. A hanya ya kasa cin abinci. Da ya isa gida Zalika ta dubi takardar, ta dube shi, ta koma kan kekenta.

Ya koyi dabaru. Ya mayar da abin sauraren kunnen dama, ya ƙure ƙarar. Ya san matuƙan da ke zuwa Tawa, ya san abin da kowa zai faɗa kafin ya faɗa, sai ya riƙa cike gurbin abin da bai ji ba da abin da ya saba ji. Shekara guda da rabi yana haka, ba abin da ya faru.

Ranar da abin ya faru a tsakiyar damina ne. Kwana biyu kafin nan wata babbar mota cike da 'yan kasuwa ta kife can arewa mai nisa, ruwa kuma ya yanke hanya, ba motar asibitin da za ta iya ratsa koramu. Sai aka aika wani ƙaramin jirgin agaji ya ɗauko mutum uku da suka fi jin jiki. Muktari ne ke tuƙa shi, ɗan Tawa, wanda Rashidu ya sha saukewa har ya san tarinsa a rediyo. A cikin jirgin akwai malamar jinya guda tana kula da majinyatan.

Wajen ƙarfe uku na yamma hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya zo da iska mai tsinke rassa. Cikin minti goma ruwa ya kece, har ƙarshen titin jirgi ya ɓace wa Rashidu. Su biyu ne a hasumiya, shi da Tijjani, abokin aikinsa na shekara goma sha biyu, wanda ke kula da waya da labarin yanayi. A daidai wannan lokaci jirage uku suka nufo Tawa kusan tare. Ga Muktari daga arewa. Ga wani jirgin kaya daga Agadas, wanda hadarin ya sa ya yi dogon zagaye har mansa ya kusa ƙarewa. Ga kuma jirgin fasinja daga Yamai da mutum arba'in da wani abu.

Rashidu ya jera takardunsa uku. Majinyata ne ya kamata su fara sauka, amma wanda mansa ya ƙare ba ya jira. Ya ce wa na kayan ya fara gangarowa. Ya ce wa Muktari ya kewaya saman turke a ƙafa dubu shida. Tsawa tana ta fasa rediyo, kowace magana da ƙarar tafasa a bayanta. Matuƙin jirgin kayan baƙo ne, Faransancinsa a tauna yake, sai da Rashidu ya ce masa ya maimaita, ya kuma sake ce masa ya maimaita. A karo na biyun ya ga Tijjani ya ɗago kai daga waya ya dube shi. Kallo ne kawai, wataƙila ma ba da wata manufa ba, amma ya shiga jikin Rashidu.

Sai na Yamai ya kira yana neman izinin gangarowa. Ƙafa dubu ɗaya tsakanin jirgi da jirgi ta isa bisa doka, amma Rashidu ya san irin wannan iska tana ɗaga jirgi ta yar, sai ya ga gara ya bar tazara mai yawa. Ya ce masa ya gangaro dubu goma ya tsaya. Da Faransanci ake aikin, a cikinsa kuwa dubu goma "di mil" ne, dubu shida "si mil". Harafin farko ne kaɗai ya raba su.

Matuƙin ya maimaita. Rashidu ya ji "mil" sarai, ya ji wasalin da ke gabansa, harafin farkon ne bai iso shi ba. Zuciyarsa ta ce ya tambaya. Babban yatsansa har ya hau maɓalli. Sai na kayan ya katse yana ihu cewa bai ga titi ba, a ƙara hasken fitilu. Ga Tijjani a gefe. In ya ce a maimaita, karo na uku ke nan cikin minti biyar. Ya ɗauke yatsa, ya rubuta goma a takardar na Yamai, ya juya ga na kayan.

Minti shida ya yi yana lallaɓa jirgin kayan har fitilunsa suka ɓullo daga cikin ruwa, tayoyinsa suka taɓa ƙasa suna fesa ruwa gefe da gefe. Tijjani ya ce alhamdu lillahi. Rashidu ya miƙa hannu zai jawo takardar Muktari ke nan, sai muryar matuƙin Yamai ta fashe masa a kunne, ba irin muryar da ya ji ɗazu ba.

"Tawa, muna hawa, muna hawa! Akwai jirgi a ƙarƙashinmu!"

A bayan muryarsa ana jin wata murya ta ƙarfe tana maimaita umarni. Na'urar gargaɗi ce da manyan jirage ke da ita, wadda kan yi kururuwa in wani jirgi ya matso. Rashidu ya tambaye shi tsayinsa.

"Muna barin dubu shida. Dubu shidan da ka ba mu!"

Wannan karon Tijjani ma ya ji, ya saki waya tana lilo a jikin tebur. Rashidu ya kira Muktari. Shiru. Ya sake kira, ba komai sai tafasar rediyo. Ya dubi gilashi, ba abin da ake gani sai ruwa. Ya tarar da kansa yana kasa kunne ko zai ji faɗuwar wani abu a bayan gari, shi da ba ya jin sallamar matarsa. Ya kira na uku.

Muktari ya amsa, kuma ya manta da Faransanci, da Hausa ya yi magana.

"Malam, na ga cikinshi. Wallahi na ga ƙusoshin cikinshi. Wa yas sa shi nan?"

"Hwaɗi tsayinka, Muktari."

"Dubu biyar da ɗari biyu. Na dulmiya hanci ƙasa, ban da zaɓi. Malam, akwai matsala baya. Ku sauke ni."

Muryar Rashidu ba ta yi rawa ba, Tijjani ya sha faɗin haka daga baya. Ya tsayar da na Yamai a sama, wannan karon lamba ɗaya-ɗaya ya faɗa, ya sa aka maimaita masa sau biyu. Ya jawo Muktari bisa turke, ya juyo da shi, ya gangaro da shi a hankali har ya fito ƙarƙashin gizagizai ya ga titi. Bayan minti goma sha biyu na Yamai ma ya sauka. Fasinjojinsa suka fito suna gudu cikin yayyafi da jakunkuna bisa kai, yawancinsu sun ɗauka iska ce kawai ta girgiza su.

Rashidu bai dube su ba. Ƙaramin jirgin yake kallo, inda motocin asibiti biyu suka ja suka tsaya. Mutum uku aka ce masa za a kawo. Ya ƙirga gadajen da ake fitarwa. Ɗaya, biyu, uku. Aka ɗan dakata, wani ya ruga mota ya ɗauko wani gadon, aka shiga da shi. Da aka fito da na huɗun, farar riga ce a kansa.

Malamar jinyar ce. Sunanta Habsatu, 'yar Damagaram ce da aiki ya kawo Tawa, shekararta ashirin da tara, da 'ya'ya biyu, mijinta malamin makaranta ne a Takanamat. Girgizar iska ta zare allurar ƙarin ruwa daga hannun wani dattijo cikin majinyatan, ta kwance ɗamararta ta tashi za ta mayar. A tsaye take lokacin da Muktari ya ga inuwa ta rufe masa gilashi ya dulmiya. Ta bugi rufin jirgin, ta dawo ta faɗa da baya a kan ƙarfen gado. Majinyatan uku a ɗaure suke, ba abin da ya ƙara samun su, dukansu sun warke daga baya. Ita kuwa daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta sake jin komai ba.

Bayan kwana huɗu masu bincike uku suka zo daga Yamai, shugabarsu wata mata ce mai furfura da ake kira Madam Ramatu. Kafin a shiga, Tijjani ya ja Rashidu bayan motar kashe gobara.

"Malam, tsawa ce. Kowa ya shaida irin tsawar da anka yi. Matuƙin shi yaj ji ba daidai ba, ya ma amsa laihinshi. Ka ce rediyo ta yanke, ni zan ce haka. Ba wanda za shi musa."

Rashidu ya ce ya gode.

Duk maganar da aka yi a hasumiya ana naɗe ta. Aka zauna a ofishin shugaban fili, aka rufe tagogi, aka kunna. Rashidu ya ji muryarsa tana cewa dubu goma. Madam Ramatu ta tsayar, ta ce littafin dokar aiki ya fi son a faɗi ɗaya da sifiri dabam-dabam, ko da yake ta san kowa yana gajartawa. Ta sake kunnawa. Muryar matuƙin ta zo. Rashidu ya ga mutum biyar da ke ɗakin duk sun sunkuyar da kai lokaci guda.

"Malam Rashidu, me ya ce?" in ji ta.

"A sake sa mini."

Ta sake. Ya juya kunnen dama, ya matso da kujera har gwiwarsa ta taɓa tebur. Babu tsawa a wurin, babu ruwa, ɗaki tsit. Ya ji "mil". Ta sake na uku ba tare da ya roƙa ba. Tijjani yana ta kallonsa yana ɗan gyaɗa kai, wato ya faɗi abin da suka shirya.

"Madam, ko sau ɗari kika sa, ba ni iya hwaɗa miki shida ne ko goma," in ji Rashidu. "Ba tsawa ba ce. Kunnena ya mutu tun bara waccan."

Ta aje alƙalami. Ta ce ai ga takardar likita a gabanta, da hatimi. Sai ya gaya mata zancen gilashin ƙofa da kafaɗar mai gwaji, bai rage komai ba. Ɗaya daga cikin masu binciken ya tashi ya fita waje. Madam Ramatu ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce ya miƙa katinsa na aiki. Ya ciro shi daga aljihun gaba ya aje. Bai sake hawa hasumiyar ba, kofin shayinsa ma Tijjani ne ya kawo masa gida.

Sati biyu yana cewa zai je asibiti yana fasawa. Ranar da ya ji za a wuce da Habsatu Yamai, Zalika ta yafa mayafi ta tsaya a ƙofar ɗaki har sai da ya tashi. Suka tarar da ita kwance a miƙe, an tallafe wuyanta, uwarta Hajaratu tana gefe tana mata fifita. Tsohuwar ta ɗauka 'yan dubiya ne, ta yi musu maraba ta shimfiɗa tabarma. Rashidu bai zauna ba. Ya faɗi sunansa, ya ce shi ne wanda ke hasumiya ranar.

Fifitar ta tsaya. Habsatu ta juyo da idanunta, don kan ba ya juyuwa.

"An gaya mini," ta ce. "An ce kunnenka ne, Baba."

"Haka ne, Malama."

"Ka san ba ya ji?"

Sai da ya matso ya sa ta maimaita, kuma ya ga abin da hakan ya yi wa fuskarta.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Shekara guda da rabi."

Hajaratu ta ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa, amma bango take kallo tana faɗa. Rashidu ya ce ya zo neman gafara ne, ya san ba ta da amfani ga ƙafafunta, amma ya zo. Habsatu ta rufe ido. Leɓunanta suka motsa, ta faɗi wani abu ƙasa-ƙasa, uwar ta sa gefen zane ta rufe fuska. Zalika ta taɓa hannun rigarsa suka fita.

Sai da suka kai bakin ƙofar asibiti, wurin masu sayar da lemo, ya tambaye ta abin da yarinyar ta ce.

"Cewa ta yi ranar ba aikinta ba ne," in ji Zalika. "Wata abokiyar aikinta ce ɗanta ba lahiya, ta karɓe ta."

"Ba ta ce komi ba kan gahwara?"

"Ba ta ce ba."

Ba a kai shi kotu ba. An sallame shi daga aiki wata biyar kafin ritayarsa, da takarda mai layi huɗu. Matuƙin Yamai an dakatar da shi na wani lokaci ya koma bakin aiki. Muktari ya bar Tawa, kuma ko a hanya suka haɗu kafin tafiyarsa, gaisuwa ce ta fatar baki. A unguwa ba wanda ya zage shi. Sai dai in ya doso majalisa hira takan canza, shi kuwa ba ya jin abin da ake cewa, bakuna kawai yake gani. Da kaka ta yi ya ce wa Zalika shi zai koma Barmu. Ta ce yara suna makaranta a Tawa. Suka raba, ita tana Tawa da keke da yara, takan zo masa duk bayan sati biyu da yaji da sabulu.

Yayyensa biyu da suka rage suka yanka masa wani gefe na gonar ubansu, wajen da duwatsu suka fi yawa. Hannun da ya shekara talatin yana riƙe alƙalami ya yi kanta da ƙyar, bayan ya fashe ya warke ya sake fashewa. Damina ta farko dami goma sha ɗaya ya samu, jikokin yayyensa suna dariyar yadda yake riƙe hauya. Bai damu ba. Sharifa ta gama karatu ta sayo masa na'urar ƙara ji daga Yamai. Ya sa ta kwana uku ya cire, ya ce iska kawai take ƙara masa.

Sau ɗaya ya rubuta wa Habsatu wasiƙa, shafi biyu, ya ba direban da ke zuwa Damagaram. Ba amsa. Labarinta daga bakin Tijjani yake samu in ya leƙo Barmu. An yi mata aiki sau biyu a Yamai ba a dace ba. Mijinta ya nemi canji ya koma Damagaram saboda ita. Ta samu keken guragu, har ta ɗan koma aiki tana miƙa magani ta taga. Daga baya gyambon kwanciya ya kama ta a ƙugu, ya ƙi warkewa. A shekara ta huɗu, ana tsakiyar girbi, Tijjani ya zo da babur ya same shi a gona, ya rubuta masa a bayan wata takardar magani cewa Habsatu ta rasu shekaranjiya.

Rashidu ya bar hatsinsa a yashe, ya shiga mota. Sai washegari da hantsi ya isa Damagaram, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan. Ya zauna a ƙarshen tabarma cikin masu zaman makoki, ba wanda ya san shi. Ana ɗaga hannu ya ɗaga, ana shafawa ya shafa. Da mutane suka ragu, mijin, wani siririn mutum mai tabarau da ake kira Malam Idris, ya matso ya yi masa godiya, ya tambaye shi daga ina.

"Daga Tawa. Ni ne Rashidu, na hilin jirgi."

Malam Idris ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Yara biyu suna tsaye a zaure suna leƙe, mace da namiji, babbar ba ta wuce shekara goma ba. Ya waiwaya ya ce musu su shiga ciki. Sannan ya duƙo daidai kunnen Rashidu na dama, da alama an taɓa gaya masa wanne ne mai ɗan saura, ya ɗaga murya.

"Wasiƙarka ta iso. Ta karanta."

Rashidu ya jira ko akwai ci gaba. Malam Idris ya mayar da tabarau, ya ce Allah ya ba da ladan zuwa, ya sa aka kawo masa ruwa da tuwo. Rashidu ya sha ruwan, ya kasa taɓa tuwon. Kafin la'asar ya koma tasha.

Yana nan Barmu har yanzu, shekararsa sittin da biyar. Kunnen daman ma ya tafi, sai an rubuta masa ko a yi masa nuni da hannu. Zalika ta tattaro kekenta ta dawo wurinsa bayan da autansu ya gama kwaleji, tana ɗinka wa matan gari kayan suna da na salla. Mutanen Barmu suna kawo masa takardun asibiti da na lakwal ya karanta musu, don Faransancinsa yana nan daram. Yakan karanta da ƙarfi fiye da kima, tun da ba ya jin muryar kansa, har na waje su ji ciwon da ke damun mai takardar. Saboda haka mata sun fi son su ba Zalika ta shigar masa ɗaki ta rufe ƙofa.